Warwarar Ɗinki

Shekara tara ke nan da na sa hannu.
Ba wanda ya riƙe min alƙalami.
Fiɗa ta uku ce, jini ya ƙi tsayawa,
likita ta ce, Barikisu, jikin nan ya gaji,
na ce a ɗaure.
Aka ɗaure hanyar ƙwai kamar bakin buhu,
na koma Aboabo da jaririya a baya.

Ni tela ce, na san ɗinki.
Akwai wanda ake warwarewa da tsinin allura
yadi bai ji ciwo ba,
akwai wanda in ka taɓa shi, rigar ta tafi.

Uban yaran ya rasu a hanyar Tamale,
motar doya ce, da asuba.
Shekara huɗu ina ɗinka wa mutane kayan suna
ban ji komai ba.
Sai ga Tahiru, mai gyaran rediyo a bakin Kejetia,
wanda bai taɓa ɗaukar ɗan cikinsa ba,
bai kuma taɓa yi min maganar ba.
Da ya yi, da na sami abin yin fushi.
Sai dai in gan shi yana ɗaure wa Samata takalmin makaranta,
ya daɗe a tsugune
fiye da yadda igiyar ke buƙata.

Ran Talata na hau trotro zuwa asibiti.
Likitar yarinya ce, na girme ta nesa,
ta juya bayan katina ta zana min cikina:
ga mahaifa, ga hannuwa biyu da aka datse.

Ta ce hanya ɗaya, a sake buɗe ni
a haɗa bakin da baki,
in an bar saura mai tsawo.
Na ce, wato in an bar haɓa.
Ta yi dariya. Ta daina da ta ce
ciki kan iya maƙalewa a wurin ɗinkin
bai kai gida ba,
wannan kuwa da gudu ake zuwa.

Hanya ta biyu ba ruwanta da ƙullin:
allurai, sannan a ɗebo ƙwaina,
a haɗa da na mijina a ɗakin gwaji,
a mayar min, a jira.
Ta rubuta kuɗin da sidi.
Na ƙirga sifilin sau biyu,
na ga kekena, da shagon, da adashin shekara uku.
Kuma ba alkawari, in ji ta.
Shekarunki talatin da tara,
ga tabo uku a mahaifar, sai mun duba shi tukuna.

Malam ya ce, in ƙwan naki ne, irin na mijinki,
neman magani ba jayayya da Allah ba ne.
Yayata ta ce, me ya yi zafi?
Ga autana, ki riƙe shi.
Uwata ba ta ce komai ba,
ta ƙara min miya a kan tuwo.

Da dare na shimfiɗa wa Tahiru katin.
Ya juya shi kamar bayan rediyo,
yana bin zanen da yatsa.
Ya ce, wanne ne ba zai ɗauke min ke ba?
Na ce ban sani ba.
Ya ce, to mu koma tare, mu tambaya.

Ruwa na dukan kwano, wuta ta ɗauke.
Na kunna fitilar waya
na ɗauko rigar wata amarya da ta yi mata kaɗan,
na leƙa cikin ɗinkin
in ga nawa na bari
ranar da nake tsammanin na gama.